Kumurci Ya Riga Injiniya: Yawan Harsashi Ba Shi Ne Iya Harbi Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Funtuwa, ko ya tsaya a kasuwar hatsi ta Ɗandume, ko ya shiga motar haya daga Malumfashi zuwa Ƙanƙara a 'yan shekarun nan, da wuya ya tashi bai ji koke guda ba, watau cewa bindigar ɓarayin daji ta fi ta mutanen gari. Manomi yana riƙe da bindigar toka wadda sai an ɗura mata albarushi bayan kowane harbi, shi kuwa ɗan ta'adda yana rataye da AK-47. Wannan koke yana da tushe. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara. Da asubahin 19 ga Agusta, 2025, aka buɗe wa masallata wuta a Unguwar Mantau cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe mutane masu yawa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, gonaki da dama a Faskari da Sabuwa da Bakori sun kwana babu shuka. Tura ta kai bango har gwamnan Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya fito fili a 2021 ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji matashi yana tsammanin cewa da za a ba shi bindiga mai aman harsashi da yawa, da magana ta ƙare. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, manyan ƙasashen duniya sun riga sun bi wannan tunani har ƙarshensa. Sun yi kusan shekara 40 suna ƙera bindigogi da harsasai na gwaji domin soja ya riƙa samun abin da ya auna, sun kashe dukiya mai ɗimbin yawa, daga bisani suka tarar cewa gyaran da suke nema ba a jikin ƙarfe yake ba, yana jikin mai riƙe da ƙarfen ne. Wannan darasi ne na ilmin halittu da na lissafi, kuma ya shafi rayuwar mutanen kudancin Katsina kai tsaye.

Inda maganar ta samo asali

Bayan yaƙin duniya na biyu, rundunar sojan Amurka ta kafa wani ofishin bincike a ƙarƙashin Jami'ar Johns Hopkins domin nazarin abin da ke faruwa a fagen fama. A shekarar 1952 wani manazarci na wannan ofishi, Norman Hitchman, ya fitar da rahoton da ya girgiza hafsoshi. Bayanan da aka tattara daga yaƙin duniya da yaƙin Koriya sun nuna cewa akasarin musayar wuta da bindigar hannu ana yin ta ne a tazarar da ba ta wuce yadi 300 ba, kuma da zarar abokin gaba ya wuce yadi 100, iya harbin soja yakan faɗi ƙasa warwas. Bugu da ƙari, raunukan da aka duba sun nuna cewa harsashi yana samun mutum a ko'ina a jiki, tamkar dai ba auna shi aka yi ba, tsautsayi ne ya haɗa su.

Shawarar da Hitchman ya bayar ita ce, tun da soja ba ya iya dora harsashi guda a daidai inda yake so, to a ƙera bindigar da za ta saki ƙananan harsasai da dama a jan kunama ɗaya, su bazu kaɗan a kewayen wurin da aka auna, ko ɗaya daga cikinsu ya dace. A taƙaice, injiniyoyin Amurka sun rungumi karin maganar nan da ke cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Maharbin Hausa bai buƙaci rahoto kafin ya san wannan ba, domin kuwa mai baushe da ke ɗura ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da yawa idan zai harbi zabo ko fakara, dabarar da yake bi ke nan tun kaka da kakanni.

Lissafin dace

Kafin a ci gaba, ya kamata ɗalibi ya ga lissafin da ya ja hankalin waɗannan masana. A ɗauka akwai maharbin da yake samun abin hari sau 2 a cikin harbi 10. Damar dacewarsa a harbi guda kashi 20 ce cikin 100, damar kuskurensa kuwa kashi 80, watau 0.8. Idan ya saki harsashi 2, damar duka su kauce ita ce 0.8 sau 0.8, watau 0.64, saboda haka damar ko ɗaya ya samu ta tashi zuwa kashi 36. Da harsashi 3 za ta kai kusan kashi 49. Da harsashi 10 za ta kai kusan kashi 89. A kan takarda, dabarar ba ta da makusa.

Amma wannan lissafi yana da sharaɗi, kuma a nan gizo ke saƙa. Yana aiki ne kawai idan kuskuren kowane harsashi bai dogara da na ɗan'uwansa ba. Alal misali, yaro ya cika hannu da tsakuwa ya watsa wa gwangwanin da ke kan katanga. Idan hannunsa ya nufi gwangwanin, bazuwar tsakuwar za ta taimake shi. Idan kuwa hannun ya nufi kamu huɗu gefe, to tsakuwa 3 ko 30 duk ɗaya ne, tare za su kauce, domin kuskurensu guda ne, kuma tun daga kafaɗarsa ya taso. Wannan ɗan sharaɗi shi ne ya kayar da manyan shirye-shiryen da za a ambata yanzu.

Shekaru arba'in na gwaji

Shirin farko shi ne wanda aka kira SALVO, a shekarun 1950. An gwada bindiga mai hanci biyu, an gwada cusa harsashi 2 ko 3 a ƙwanso guda, ɗaya a bayan ɗaya, an kuma gwada wata siririyar kibiyar ƙarfe mai kama da ƙusa, da 'yan fikafikai a gindinta. Daga nan aka shiga shirin SPIW, inda a 1963 aka ba masu ƙera makamai huɗu kwangilar fito da bindigar da za ta harba irin wannan kibiya. Nauyin kibiyar bai kai giram 1 ba, saurinta kuwa ya kai wajen mita 1,400 a daƙiƙa. Amfanin hakan biyu ne: ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma tana tafiya kusan miƙe, ba sai soja ya ƙiyasta nisa ba. Sai dai matsaloli sun yi mata yawa. Ƙararta ta yi tsanani, hancin bindigar yana saurin zafi, ɓurɓushin abin da ke riƙe kibiyar a cikin hanci yana fantsama ya cutar da na kusa, ga kuma tsada. Bindigar M16, wadda aka karɓa a matsayin ta wucin gadi kafin SPIW ta nuna, ita ce ta zauna daram shekara da shekaru.

A 1986 aka sake ɗaura ɗamara da shirin ACR. Buƙatar da aka gindaya a fili take: sabuwar bindiga ta ninka damar samun abin hari sau biyu a kan M16A2. Kamfanoni huɗu suka kai matakin ƙarshe. Colt ya zo da harsashi biyu a ƙwanso guda. AAI da Steyr na ƙasar Ostiriya suka zo da kibiyar ƙarfe. Heckler & Koch na Jamus ta Yamma ya zo da G11, bindigar da har yau masana ke jinjina wa hikimar ƙirarta. Harsashinta ba shi da ƙwanson ƙarfe, an dasa shi ne cikin dunƙulen albarushi mai ƙonewa ƙurmus. Tana sakin harsashi 3 a jere da saurin da ya kai kimanin 2,000 a minti, ta yadda na ukun zai bar hanci kafin turin bindigar ya iso kafaɗar mai harbi. An yi gwajin a sansanin Fort Benning da ke jihar Jojiya tsakanin 1989 da 1990, a filin da aka cika da na'urorin ƙidayar inda kowane harsashi ya bi. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Da aka gwada, babu ko ɗaya da ta cika sharaɗin, aka rufe shirin bayan an kashe kimanin dalar Amurka miliyan 300. Ita ma Jamus, da ɗawainiyar haɗewar gabas da yamma ta hau kanta a 1990, sai ta jingine G11.

Tarayyar Sobiyet ta bi irin wannan hanya a gasar da ta kira Abakan a shekarun 1980. Bindigar da ta yi nasara ita ce AN-94 ta Gennady Nikonov, wadda ke sakin harsashi 2 a jere da saurin 1,800 a minti. Rasha ta karɓe ta a hukumance a shekarun 1990, amma sarƙaƙiyar cikinta da tsadarta suka hana ta yaɗuwa, sojan Rasha ya ci gaba da rataya zuriyar Kalashnikov.

Abin lura shi ne inda aka juya bayan wannan faɗuwa. An bar ƙoƙarin yawaita harsashi, aka koma taimakon ido. A shekarun 2000 aka wadata sojan ƙasa na Amurka da madubin hange da ake ɗaurawa a kan bindiga. A 2022, da suka zaɓi sabuwar bindiga ta kamfanin SIG Sauer, sun haɗa ta da madubi na kamfanin Vortex mai auna nisa da hasken leza, mai ƙaramar kwamfuta da ke nuna wa soja inda zai dora saiti. Watau bayan shekara 70 an dawo kan tambayar farko: me sojan ya gani, kuma yaya hannunsa yake a lokacin?

Jikin da tsoro ya kama

Dalilin faɗuwar waɗancan bindigogi yana cikin darasin ilmin halittu na aji biyar. A 1915 masanin aikin jiki Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana abin da ke faruwa ga dabba idan ta ga halaka. Wasu ƙananan kaluluwa biyu da ke zaune a kan ƙoda sukan zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciyar da ke bugawa wajen sau 70 a minti sai ta ninka gudu, numfashi ya yi sama-sama, jini ya bar fata da hanji ya koma manyan tsokoki, ƙwayar ido ta buɗe. Wannan shiri ne na gudu ko kokawa, kuma ya yi wa ɗan Adam rana a gaban zaki da kura. Amma ba shiri ne na aikin da ke son natsuwar yatsa ba. Ko a zaune lafiya, hannun kowane mutum yana da wata 'yar karkarwa da ido ba ya gani, sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, adiranalin kuwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Duk ɗalibin da ya taɓa ƙoƙarin zura zare a allura bayan an kore shi da gudu ya san wannan.

To, mene ne girman kuskuren da ake magana a kai? Tsakanin saitin baya da na gaba a AK-47 akwai kimanin santimita 38. Idan saitin gaba ya goce da milimita 1 kacal, abin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba, harsashi zai kauce da wajen santimita 26 a nisan mita 100, wanda ya isa ya wuce gefen ƙirjin mutum. Idan hancin bindiga ya karkace da digiri 1, kaucewar za ta kai mita 1.75. Mutumin da ke haki, ƙafarsa na cikin kunya, ana harbinsa, kuskurensa yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Bazuwar da injiniya ya tsara wa harsasai 3 ba ta wuce 'yan tafin hannu ba. Ga dalilin da ya sa sukan kauce tare, kamar tsakuwar yaron nan.

Ido ma yana da nasa iyaka. Wurin da ke gani tangaran a tantanin bayan ido ɗan gurbi ne ƙarami, wanda abin da yake ɗauka bai fi faɗin babban yatsa ba idan an miƙe hannu. Da dare wannan gurbi ba ya aiki sosai, gani yakan koma ga wasu ƙwayoyin halitta na gefe, waɗanda ba sa bambanta launi, kuma sai sun yi minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin su kai ƙarfinsu. Hasken tocila guda a fuska ya isa ya rushe wannan shiri. Waɗannan ƙwayoyi suna dogara da bitamin A, shi ya sa ƙarancinsa ke kawo dundumi. Mai karatu ya tuna cewa yawancin hare-haren yankin nan da dare ko da asuba ake kai su, kuma a ƙarshen damina masara da dawa sun fi tsayin mutum. Babu ƙirar harsashin da za ta nuna wa mai gadi ko inuwar da ke motsi a bakin gona ɓarawo ce ko maƙwabcinsa ne ya fito kewaya.

Darasin kumurci

Akwai wata halitta a yankin Malumfashi da ta warware wannan matsala tun kafin a san albarushi, ita ce kumurci, macijin nan mai tsartuwa. A shekarun 1970 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun gudanar da wani babban aikin nazarin cututtuka a Malumfashi, kuma a 1980 R. N. H. Pugh da R. D. G. Theakston da abokan aikinsu suka wallafa bincike a kan yadda mutanen yankin ke gamuwa da wannan maciji. Manoma sun san halinsa: ba ƙafa yake nema da tsartuwarsa ba, ido yake nema, daga nisan da ya kai mita 2. Wanda abin ya same shi, maganin farko shi ne wanke idon nan take da ruwa mai yawa, sa'an nan a garzaya asibiti.

A 2005 masana a Jami'ar Bonn ta Jamus, cikinsu har da Guido Westhoff, suka ɗauki hoton tsartuwar da kyamara mai sauri. Sun gano cewa dafin yana fita ne cikin wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa, kuma a cikin wannan lokaci macijin yakan kaɗa kansa da sauri, dafin ya bazu a kan fuska maimakon ya sauka wuri guda. Irin kumurcin da ke ƙasar Hausa ya sami aƙalla ido ɗaya sau 8 cikin 10. Binciken da ya biyo baya a 2010 ya nuna cewa macijin yana bin motsin fuskar da ido, har yana ƙiyasta inda za ta kasance kafin ya saki dafin.

Wannan ita ce dabarar Hitchman ba ragi ba ƙari, amma a lura da jerin yadda kumurci ke bin ta. Da farko yakan bari abokin gaba ya matso kusa. Sa'an nan ya tantance fuska. Sa'an nan ya bi ta da ido. Bazawa ita ce ta ƙarshe, kuma ƙaramin gyara ce a kan saitin da ya riga ya yi kyau. Injiniyoyin SALVO da ACR sun ƙera matakin ƙarshe, suka yi fatan ya maye gurbin ukun farko. Abin da ya gagara ke nan.

Ina sauran suka tafi?

Akwai tambayar da lissafin dace bai amsa ba. A misalin da ya gabata, maharbin da ya saki harsashi 10 ya kai damarsa kashi 89, amma a matsakaicin ƙiyasi 8 daga cikin goman sun wuce. Ina suka nufa?

Manomin Funtuwa ya san wata halitta mai yin irin wannan caca. Bununin masara guda yana sakin miliyoyin ƙwayoyin gari cikin iska, domin 'yan ɗaruruwa su sauka a kan gemun goyon, kowane zare ya zama ƙwayar masara guda. Sauran miliyoyin sukan faɗi a ganye da ƙasa, su mutu, ba su cuci kowa ba. Masara ta iya yin asarar nan ne domin abin da ta watsa ba ya kisa. Harsashi ba haka yake ba. AK-47 tana aman harsashi 600 a minti, watau gidan harsashi mai cin 30 yakan ƙare cikin daƙiƙa 3, hancinta yana ɗagawa sama tun daga na biyu. Harsashinta yana barin hanci da saurin da ya haura mita 700 a daƙiƙa, yana iya tafiyar fiye da kilomita 2, kuma danga ko ƙofar langa-langa ba sa tare shi. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. A fagen yaƙin da aka tsara waɗancan bindigogi dominsa, ana ɗauka duk wanda ke gaba abokin gaba ne. A ƙauye kuwa, abin da ke bayan ɓarawo shi ne ɗakin matan aure da turken awaki da makarantar allo.

Ko da an kai ga makamin da ba ya kuskure, magana ba ta ƙare ba. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na rundunar sojan Nijeriya ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, mutane aƙalla 85 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Makamin ya sauka daidai inda aka auna. Kuskuren yana wajen tantance su wane ne a wurin. Samun abin da aka auna daban, auna abin da ya dace daban.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne a saurari mai cewa wannan duk zancen ɗakin karatu ne. Zai ce mutumin da ke ɗura baushe ba zai tsaya gaban mai AK-47 ba, kuma ruwan harsashi, ko bai sami kowa ba, yana sa maƙiyi ya noƙe ko ya ja da baya. Duka biyun gaskiya ne, sojojin duniya ma suna amfani da wannan dabara ta danne maƙiyi da wuta. Ba a cewa a tura masu tsaron gari da gora. Amma dabarar danne maƙiyi aikin ƙungiya ce mai horo, wadda ke da shugaban da zai ce a buɗe wuta, ya ce a tsaya, wasu na harbi wasu na zagayawa, kowa ya san inda ɗan'uwansa yake. Idan aka cire horon aka bar bindigar, abin da ya rage shi ne firgitaccen mutum da zai zazzage harsashinsa cikin daƙiƙa 3 ya tsaya hannu wofi, wataƙila ma a kashe shi a ɗauke bindigar ta koma daji. Dokar makamai ta 1959, wadda ta bar lasin bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sanda amma ta tsananta a kan bindigogin yaƙi, tana da hikimar da ta wuce ta takarda.

Abin da ya kamata

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina da matasa kusan 1,500 a rukunin farko. Ga irin wannan runduna, da ma 'yan sanda da soja, darasin shekaru 40 na gwaji ya nuna inda kowace naira za ta fi amfani.

Na farko, horo mai maimaituwa. Ba a hana adiranalin zuba, amma aikin da jiki ya maimaita sau ɗaruruwa yakan zama ɗabi'a, ya tsaya ko da tsoro ya zo. Horon ya haɗa da harbi bayan gudu, da harbi cikin duhu, da kuma gwajin da amsarsa daidai ita ce kada a yi harbin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a duba lafiyar idon duk wanda za a ba makami, a tabbatar yana samun barci da abinci, a kuma nisanta shi da ƙwayoyin maye, domin suna lalata hukunci kafin su lalata hannu. Na uku, a zuba kuɗi a kan gani da ji: na'urar gani da dare, rediyon sadarwa, da amintattun masu kawo labari daga ƙauyuka, domin wanda ya san ta inda maƙiyi zai ɓullo ya riga ya yi rabin saiti. Na huɗu, a riƙa ƙidayar harsashi, wanda ya fita da 30 ya dawo da 10 ya faɗi inda 20 suka tafi. Hukumar ƙera makamai ta ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964 aka kuma sabunta dokarta a 2023, tare da sassan kimiyya na jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsin-ma, za su fi yi wa manomi rana idan suka ba madubin hange da kayan sadarwa da kayan horo muhimmancin da ake ba hancin bindiga.

Malamai kuma suna iya kai wannan darasi aji ba tare da ko ƙyallin albarushi ba. A kafa gwangwani a nisan mita 5, kowane ɗalibi ya ƙirga bugun jijiyar hannunsa na minti guda, ya jefa tsakuwa 10 ɗaya bayan ɗaya, a rubuta nawa suka samu. Sa'an nan ya zagaya filin ƙwallo da gudu, ya sake ƙirga bugun, ya sake jifa nan take. A tara sakamakon ajin duka a kan allo, a fitar da kashi cikin 100 na kafin gudu da na bayansa. Daga ƙarshe a sa su ƙirga tsakuwar da ta wuce gwangwanin, su auna iyakar inda ta kai.

Kammalawa

Manomin da ya ce bindigar ɓarawo ta fi tasa bai yi ƙarya ba, kuma haƙƙinsa ne a kan hukuma ta tsare masa rai da gona. Amma ƙasashen da suka fi kowa kuɗi da masana sun nemi bindigar da za ta iya harbi a madadin mai ita, daga SALVO zuwa ACR, daga G11 zuwa AN-94, ba su same ta ba. Abin da suka samu shi ne abin da kumurcin Malumfashi ke yi a bakin rumbu: ya matso, ya tantance, ya bi da ido, kafin ya saki. Idan za a sayi sabbin bindigogi domin tsaron Funtuwa da Malumfashi, to a fara tambayar awa nawa mai riƙe ta ya yi yana horo, yaushe aka duba idonsa, wa zai ba shi umurnin ya tsaya, kuma gidan wa ke bayan abin da ya auna.